Rigar Gurgu Mai Hoto

Zuwa ga ɗana Malamin Tarihi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da mai ɗakinka, da yara, da ɗaliban da kake ba labarin mutanen da suka mutu. Mu nan alhamdu lillahi, in ban da gwiwar hagu da ta daina jituwa da keken ɗinki, da kunnen nan da ya sa na ce ka daina kirana a waya, ka riƙa rubutowa. Yayata, wato gwaggonka, tana nan kwance a ɗakin tsakiya. Ido ya tafi gaba ɗaya, amma baki na nan daram. Shekaranjiya ta wanke mai yi mata allura tas, har ya fita ya manta jakarsa.

Daftarin littafin zuriyar Dogo, wanda ƙungiyar dangi ta ɗora maka rubutawa, ya iso hannuna ranar Talata. Na sa tabarau, na ja benci bakin shago, na fara daga shafin farko ina neman gidanmu. Na wuce gidaje huɗu, har da naku na Mai Agogo, kakan ubanka, kowanne an zana shi da rassa kamar bishiyar gaske. Na ce to, ƙila gaba aka ajiye mu, tela ya saba sai a ƙurarren lokaci ake tunawa da shi. Na yi ta lasar yatsa ina buɗawa har shafi na casa'in da huɗu, wanda daga shi sai bango. A nan na same mu, ƙarƙashin kan magana mai cewa "Waɗanda suka zauna a gidan". Kakana Mai Ɗinki yana tsakanin matar da take wanki da mutumin da yake gadi. Mu arba'in da uku da muka fito daga tsatsonsa, layi ɗaya aka ba mu.

Ban yi fushi ba tukuna, don ban ji dalili ba, kuma a shekaruna fushi ma sai an yi tattalinsa. Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da aka ce za a yi littafin nan, kullum da safe gwaggonka sai ta tambaya ko ya zo. So take a karanta mata sunanta da na ubanta a ƙarƙashin Dogo, ta ji da kunnenta. Shekararta casa'in da ɗaya. Ranar Laraba na ce mata bai zo ba, alhali yana shago, na danne shi da tulin yadi.

Ka rubuto ka gaya mini a wane aji aka koya maka fitar da mutum daga gidan ubansa.

Babanka,
Tela

*

Zuwa ga Tela,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka. Muna lafiya, sai aikin duba jarrabawa. Allah ya ba mara lafiya sauƙi.

Ni ban cire kowa ba, hujja ce ta cire. Shekara uku na yi ina wannan bincike. Tsohuwar takardar mallakar gida, wadda na samo a ma'ajiyar takardun filaye bayan na yi sati biyu ina atishawa, ta ce gidan na Dogo ne da 'ya'yansa maza huɗu. Huɗu ta ce, ba biyar ba, kuma ba ta kawo sunaye ba. Hotunan da suke rataye a falon tsohon gida kuwa biyar ne. Ke nan ɗaya daga cikinsu ba ɗa ba ne.

Huɗu a cikinsu suna sanye da doguwar riga iri ɗaya, mai zanen kibiya uku a ƙirji. Na bi tsohuwar unguwa gida gida, na ga wannan zanen a hotunan kakannin gidaje goma sha ɗaya. Na kuma karanta cewa mutanen tudu, waɗanda suka sauko fatauci a wancan zamani, kibiya ce alamar gidan sarautarsu. Wannan ya warware abin da dangi suka daɗe suna tambaya. Dogo mutumin tudu ne, jinin sarauta, kuma 'ya'yansa sun ɗauki hoto da alamar gidansu. Babi na farko gaba ɗaya a kan haka yake, kuma ranar da na karanta shi a taron ƙungiya, shugaba har da hawaye.

Kakanka shi kaɗai ne ya tsaya gaban mai hoto da singileti, da tef ɗin awo a wuya. Ban ce mutumin banza ba ne. Cewa na yi tela ne da yake yi wa gidan ɗinki har aka saba da shi, kuma na sa shi inda ya dace.

Littafi zai shiga maɗaba'a ƙarshen zangon karatu mai zuwa. In kana da takarda, aiko. "Kakata ta ce" ba takarda ba ce.

Malamin Tarihi,
Sakataren ƙungiya

*

Zuwa ga ɗana Malamin Tarihi,

Ina gaishe ka da aiki. Gwiwa na nan yadda take. Gwaggonka ta ci abinci sosai jiya, ta kuma tambaya.

Na lura "Baba" ya faɗi daga saman wasiƙarka. Ba komai, ƙila a hanya ya zube, direban da yake kawo mana saƙo ba ya kauce wa rami.

Gyara zama in ba ka labari, tunda ba ni da takarda. A da, a titin tashar jirgi, tsakanin mai aski da mai sayar da kwanon rufi, akwai wani ɗakin ɗaukar hoto. Mai shi Gurgu ake ce masa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da labule mai zanen bene, da kujera mai hannu, da tukunyar furen takarda, da ƙusa a bayan ƙofa. Mutanen unguwar leburori ne da 'yan dako da masu ƙananan sana'o'i. Mutum zai taso daga wurin aiki sharkaf da gumi, riga a yage, yana son hoton da zai aika gida a ce ya samu duniya. Da ya dubi kansa a madubin Gurgu sai ya ce zai dawo gobe, kuma ba ya dawowa. Gurgu ya ga ciniki na kuɓuce masa, sai ya ja ƙafa zuwa wurin kakana ya ce a ɗinka masa riga guda, babba, wadda za ta shiga kowa. Ita ce take rataye a ƙusar nan. Kana shigowa ya zura maka ita, ya ce ɗaga haɓa, kada ka yi numfashi. Kana tashi ya tuɓe ta ya zura wa na bayanka, da sauran ɗuminka a jikinta.

Kibiyoyin nan uku da suka sa shugaba kuka, kakana ya ce bishiyoyi ya so yi, zare ya ƙare masa kafin ya kai ga ganye.

Za ka ce me ya hana shi ya saka. Ya san wuyan mutum nawa ta shafa, don a shagonmu take kwana duk sanda ta yage. Ya ce da hannunsa ya ɗinka ta, ba zai je aron abinsa ba. Ni ban gaji girman kansa ba. Ina da shekara ashirin da biyu na saka ta, na ɗauki hoton da na kai gidan su marigayiya matata.

Gidaje goma sha ɗayan da ka haɗa mu jini da su, akwai na mahauci, akwai na wani bawan Allah da har ya mutu bai iya gaisuwa da yarenmu ba. Abin da ya haɗa su da Dogo ƙusa ce guda ɗaya.

Shawara zan ba ka, irin ta babba. Ka ajiye ƙidayar nan. Hoto biyar ne a bango, tun kafin a haifi ubanka, ba wanda ya taɓa sauke ko ɗaya. Ka zana gida biyar, ka rufe littafinka, kowa ya ji sunansa. Akawun da ya rubuta huɗu ya daɗe da mutuwa, ka ƙyale shi ya huta.

Babanka, ko an rubuta ko ba a rubuta ba,
Tela

*

Tela,

Na yi jinkirin amsa ne don sai da na kai wasiƙarka gaban kwamiti aka karanta. Muna lafiya.

Labarinka yana da daɗi, yara za su so shi. Amma da hannunka ka tabbatar da abin da na rubuta. Ka ce a shagonku rigar take kwana in ta yage. To, da ma me na ce? Aikinku ke nan, gyaran tufafin gidan Dogo. Ka kuma ce ka saka ta ka je neman aure. Shugaba ya sa an rubuta a littafin taro cewa ka amsa da kanka ka taɓa yin ado da alamar da ba ta gidanku ba don ka ruɗi surukai. Wasu sun so a aiko maka da takardar gargaɗi, ni na hana, albarkacin furfura.

Shawararka ta in daina ƙirgawa ita ta fi ba ni dariya. Da kana da gaskiya, da kai za ka fara cewa a ƙirga.

An riga an fara ɗinka wa maza riguna masu kibiya uku don ranar ƙaddamarwa. Ba mu kawo maka aikin ba don kada ka ce an ci maka fuska. Saura sati bakwai a kai maɗaba'a.

Sakataren ƙungiya

*

Kai Malamin Tarihi,

Gaisuwar a taƙaice, yau ba ni da ita da yawa. Gwaggonka ta yi kwana uku a asibiti, numfashi ya so ya gagara. An sallamo ta. Abin da ta fara tambaya da aka shimfiɗe ta a gadonta shi ne ko littafin ya zo tana can. Wata 'yar gidan shugaba da ta zo dubiya ta buɗe baki za ta ba ta labarin shafi na casa'in da huɗu, sai da na taka mata ƙafa.

Wato ni ne na ruɗi surukai. Marigayiya matata shekara arba'in da shida muka yi da ita. Ubanta da ya ga hoton dariya ya yi har da riƙe ciki, ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa, da rigar a jikinsa.

Ga hotuna uku a cikin ambulan: nawa, da na surukina, da na mahauci wanda na aro wurin jikansa. Ka jera su da huɗun naka a kan tebur, ka ari gilashin ƙara girma a ɗakin kimiyyar makarantarku. Dubi gefen hagu, taƙi ɗaya sama da bakin riga. Akwai faci mai kusurwa huɗu, girman akwatin ashana, inda garwashin dutsen guga ya faɗa ranar da aka gama ta. In ka ga riguna bakwai ne, kowacce garwashi ya ƙone ta a wuri guda, to lallai mutanen tudu suna da abin mamaki. Ka dubi tsawo kuma. A jikin mahauci ta tsaya a ƙwauri. A jikin kakan ubanka Mai Agogo tana sharar ƙasa, har sai da ya tattare hannun kafin yatsunsa su fito.

Na so in tsaya a nan. Amma kun sa sunana a littafin taro, kuma takarda ka ce kana so. 'Yar Gurgu tana da rai, tana bayan tsohuwar tasha, gida mai koriyar ƙofa. Ubanta bai taɓa zubar da fim ɗin hoto ko ɗaya ba. Kowanne yana cikin ambulan, kuma a bayan ambulan yakan rubuta ko wane ne mai shi, don ya san inda zai kai. Je ka ƙirga.

Ka dawo mini da hoton mahauci, aro ne.

Tela

*

Ɗana,

Ina gaisuwa. Sati shida ke nan shiru. Direba ya ce a hannu ya ba ka, ya kuma ce ka rame. Gwaggonka ta daina tambaya kullum, yanzu sai ta yi kwana huɗu ba ta ɗaga maganar ba, kuma wannan ya fi damuna.

In ba ka je bayan tasha ba tukuna, kada ka je. Faci ya isa. A cikin fushi na rubuta maganar nan.

Babanka,
Tela

*

Baba Tela,

Wasiƙarka ta same ni bayan na je da sati biyar. Lafiyar jiki muna da ita.

'Yar Gurgu ta sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Rigar ce a sama, asu ya cinye kafaɗa ɗaya. Ta ce in ina so in saka a ɗauke ni da waya, duk wanda ya zo haka yake yi. Na ga facin. Na sa yatsa a kai.

Ambulan biyar na gidanmu suna ɗaure da zare ɗaya. Huɗu an rubuta ɗan Dogo: na fari, na biyu, na uku, auta. Na biyun kakanka ne, har da ƙari, wai "ya ƙi riga". Na biyar an rubuta "baƙon gidan Dogo, mai gyaran agogo, a kai masa ɗakin bakin ƙofa".

Ka sani. Tun ranar da ka ce in ajiye ƙidaya ka sani, ƙila tun kafin a haife ni. Ka zura ido shekara uku ina bin gidajen mutane da littafi a hammata. Ka bari na tsaya gaban mutum ɗari biyu ina karanta musu sarautar da aka rataye a ƙusa. Kada ka ce ka ba ni shawara. Ka ba ni shawara ka ɓoye dalili, ka zauna bakin shago kana jiran in faɗa.

Na cire babi na farko. A wurinsa na rubuta layi biyu: ba mu san daga inda Dogo ya zo ba, ba mu san yarensa na farko ba. Shugaba ya jefo mini sabuwar rigarsa a fuska gaban kwamiti, an karɓe muƙamin sakatare a take. Amma ni maɗaba'a ta sani, kuma na riga na kai. Gidanku yana shafi na tara. Gidan Mai Agogo yana shafi na casa'in da huɗu, layi ɗaya, inda hujja ta sa shi. Ba don kai na yi ba. Na yi wa gidanka haka da hujjar ƙarya, ba zan ƙi yi wa nawa da ta gaskiya ba.

Ban gaya wa yara ba tukuna. Babban ya riga ya sa an manna kibiya uku a bayan motarsa.

Ga hoton mahauci. Kwafi goma sha biyu rabon gidanku za su zo ta hannun direba. Kada ka sake rubuto mini.

Malamin Tarihi

*

Zuwa ga ɗana Malamin Tarihi,

Ka ce kada in rubuto. Na karanta, na gane, ga shi na rubuto. Ina gaishe ka, da mai ɗakinka, da mai motar kibiya. Gwaggonka ta koma shan ruwa-ruwa kaɗai, da cokali.

Littattafai sun iso ranar Asabar. Na shiga ɗakin tsakiya, na zauna bakin gado, na buɗe shafi na tara, na karanta a hankali: Dogo ya haifi Mai Ɗinki, Mai Ɗinki ya haifi ubanmu, sai ita. Ta ce in maimaita. Na maimaita sau uku. Ta ce, "Ni aka fara rubutawa ko kai?" Na ce ke. Ta ce, "To madalla, an san babba."

Sai ta ce in karanta sauran gidajen. Na karanta uku na tsaya. Ta ce, "Ina Kaka Mai Agogo?" Na ce yana can baya. Ta ce, "Bayan me?" Dole na ba ta labarin duka, tun daga daftarin da na danne da yadi. Sai zagi, ta fara da kai, ta bi ta kan shugaba, ta ƙare da ni, kuma ni na fi samun rabo mai tsoka.

Eh, na sani. Kakata ce ta gaya mini, ba a takarda ba. An sauke Mai Agogo daga jirgi da zazzaɓi yana ɗan saurayi, ba wanda ya san shi, ba ya jin abin da ake faɗa. Dogo ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi ɗakin bakin ƙofa. Da ya warke bai tafi ba, ba kuma wanda ya ce ya tafi. Hotonsa, Dogo ne ya hau kujera ya rataye shi da kansa. Ranar da Dogo ya rasu shi ya shiga kabari ya karɓe shi, huɗun suna miƙa masa. Ban gaya maka ba don a gidan nan ba a faɗa, kuma ba ni ne zan fara ba. Tura ka bayan tasha da na yi, laifi ne, na amsa. Sauran ba na amsawa, kai ka zo da ƙidaya.

Yanzu ga abin da aka yi, kuma umarnin gwaggonka ne, ni ban taɓa iya mata ba. 'Yata ta biyu, mai kyan rubutu, ta zana gidan Mai Agogo a takarda mai kauri, ku ashirin da shida, har jaririyar da kuka samu bara. A sama ta rubuta "Na biyar, wanda Dogo ya ɗauko a kafaɗa". Na cire allurar yadi na sa ta ɗinkin fata, na ɗinke takardar bayan gidan auta a duk kwafi goma sha biyun. Tun shekaranjiya mutanen sauran gidajen suka fara kawo nasu a ɓoye, kowa da littafi a leda kamar wanda wandonsa ya yage. Na yi talatin da ɗaya zuwa yau. Matar shugaba ta kawo biyu, ta ce kada in ce ta zo.

Ga naka a cikin ƙunshin nan. Na san za ka ce ba hujja ba ce. Ɗinki biyu na yi, da zaren takalmi, ba ya farkuwa sai da littafin. In bai yi maka ba, ka zo da kanka ka gaya wa gwaggonka a cire. Ta ce a ajiye maka kujera kusa da gado, ɓangaren kunnenta mai ji, don akwai sauran zaginka da ta ce ba ta ba da saƙonsa. In za ka zo, ka zo da wuri.

Babanka,
Tela